Harafi Ɗaya a Dutsen Inna

Leninakan, 4 ga Maris, 1979

Yaya Serob,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Zabel da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da sanyin da ya ƙi tafiya. Har yau ƙanƙara na kwance a kan rufinmu, ta yi baƙi da hayaƙi.

Bayan gaisuwa, maganar dutsen kabarin Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar sha bakwai ga Yuni za ta cika shekara, kuma ka san ba za mu tara mutane a maƙabarta mu nuna musu tulin ƙasa ba. Na je wurin Usta Garegin, wanda ya sassaƙa na Baba. Ya ware mana baƙin dutse, ya goge shi har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Rubutu kawai yake jira, kuma ya ba ni zuwa ƙarshen Mayu.

Suna ba damuwa: Almast. Shekarar rasuwa mun sani. Ta haihuwa ma za mu sa wadda aka ƙiyasta mata a gidan marayu, ranar da suka buɗe mata baki suka duba haƙora suka ce shekara shida. Layi na uku ne ya tsaya mini. A na Baba an rubuta "ɗan Kars". A na Kaka ma haka. Duk jerinmu babu wanda aka kwantar ba a faɗi inda ya fito ba, ko da garin yanzu yana can bayan wayar iyaka, ba mai iya taka shi. Usta ya lashi bakin fensir ya ce mini, "To, 'yar ina?" Shekarata arba'in da shida, ban san 'yar ina ce uwata ba.

Na yi kuskure na biya ta wurin Goggo Horom. Ka san ta, shekara tamanin da ɗaya amma harshen bai tsufa ba. Ko zama ban gama yi ba ta ce a bar wurin fili. "Kada ki sa wa dutse ƙarya," in ji ta. "Tun ranar da ƙanena ya shigo da ita gidan nan na ce wannan jinin ba namu ba ne. Ina kika taɓa ganin Ba'armeniya da gashi kamar wayar tagulla, ido kamar na kyanwa?" Tana faɗa tana kallon kaina, don kada in manta wadda ta gaji gashin. Shekara hamsin Inna ta yi a gidan nan, ita ta yi jinyar iyayen Goggo har suka rasu, amma har gobe sunanta a bakin Goggo shi ne Jar Amarya.

Kai ba ka san zafin wannan ba, don Baba ka ɗauko: baƙin gashi, gira a haɗe, da hancin da ke riga ka shiga ɗaki. Ni ce aka yi ta kira 'yar Rasha tun daga aji ɗaya. Har yanzu a masaƙa, in sabuwar ma'aikaciya ta zo, da Rashanci take gaishe ni. Na saba, amma ban ce yana mini daɗi ba.

Shekara ashirin da biyar kana koya wa 'ya'yan mutane daga ina Armeniyawa suka fito. To ga mace ɗaya tak, ka faɗa mini daga ina ta fito. Ba na son dutsenta ya tsaya a gefen na Baba da giɓi a jiki.

Ka gaida Zabel, ka ce mata rigar sanyin ta yi mini daidai. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Knarik

Yerevan, 15 ga Maris, 1979

Zuwa ga ƙanwata Knarik,

Ina gaishe ki da gaisuwar zumunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau biyu.

Zan fara da Goggo, domin tata ce mai sauƙi. Ba ta da gaskiya. Tatsuniya ta ce kakanmu ɗaya, maharbin nan da ya ƙi durƙusa wa sarki ya hau duwatsu da iyalinsa, kuma daga sunansa muke kiran kanmu Hay. Ina koyar da wannan a zangon farko saboda yara na son sa. A zango na biyu sai in gaya musu abin da masu tonon ƙasa da masu nazarin harshe suka samu: ƙabilu da yawa ne suka zauna a tsaunukan nan, akwai mutanen tsohuwar daular bakin tafkin Van, akwai waɗanda suka zo da harshen, suka cuɗanya shekaru dubbai har suka zama mu. Bayan haka kuma babu rundunar da ba ta bi ta kanmu ba, daga gabas da yamma.

Ajina na bana yara talatin da huɗu ne. Jiya na ƙirga kawunansu saboda ke: ashirin da shida baƙin gashi, biyar ruwan ƙasa, biyu kalar alkama, ɗaya ja. Huɗu idonsu shuɗi ne ko kore. Akwai dogaye siriri, akwai gajeru masu faɗin ƙirji, wasu farare sol, wasu kamar an gasa su a rana. Hancin da ake mana ba'a da shi ma rabin ajin ba su da shi. Dukansu Hay ne, kowa da takardarsa da sunan ƙauyen kakansa.

Sai dai ki lura da ƙarshen wannan magana. Su suna da takarda. Cewa Ba'armeniya na iya zama ja bai nuna kowace jar mace Ba'armeniya ce ba. An tsinci Inna ne a bakin hanya a 1915, shekarar kisa da gudu, kuma a kan hanyoyin nan akwai kowa: sojojin Rasha, manoman Rasha da ke da ƙauyukansu a yankin, Kurdawa, Assuriyawa, Girkawa. A 1961 na nemi littafin gidan marayun, na ga shafinta da idona. Wurin suna an rubuta Almast. Wurin uba an ja layi, wurin gari an ja layi. Ban gaya miki ba a lokacin domin babu abin faɗa.

In kin tambaye ni a matsayin malami, ban sani ba. In kin tambaye ni zatona, na fi karkata ga cewa 'yar Rashawa ce da ta ɓace a hargitsin, ta tashi a cikinmu. Wannan bai rage ta da komai ba a wurina. Amma ba zan yarda a sassaƙa sunan gari da ka ba. Shawarata a sa suna da shekaru, a bar sauran.

Hanya ɗaya ta rage. Fuska ba shaida ba ce, harshe shi ne shaida. Yarinya 'yar shekara shida ba ta rasa kalma ɗaya ko biyu ta gidansu da za ta bi ta har tsufa. Ke kika zauna da ita, ke kika yi jinyarta. In kin taɓa jin wani abu a bakinta wanda ba namu ba, ki rubuto mini shi daidai yadda kika ji.

Zabel na gaishe ki. Ki gaida Goggo, duk da haka.

Yayanki,
Serob

Leninakan, 28 ga Maris, 1979

Yaya Serob,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da ƙidayar kawuna. Na tambaye ka uwa ɗaya, ka aiko mini da yara talatin da huɗu.

Kalma ka ce. Wace kalma? Ka manta wace ce Inna? Shekara goma sha biyu ta yi da mayafi ɗaure a baki, ba ta magana a gaban surukai, kamar yadda ake yi wa amaren da. Da aka kwance mayafin ma ba ta ga dalilin farawa ba. Ɗan abin da take faɗa kuwa tsaf yake, irin na littafin makaranta, ya fi namu na unguwa tsabta. Goggo har da wannan take kafa hujja, wai ɗan gida ba ya magana kamar rediyo.

Na yi sati ina juya tambayarka a gaban injin, har zare ya tsinke mini sau biyu ban lura ba. Abu ɗaya na tuna, kuma ba kalmar da ta faɗa ba ce, wadda ba ta faɗa ba ce. Ka taɓa jin Inna ta ce hats? Gurasa fa, abin da kowa ke ambata sau ashirin a rana, mu da ko miya za mu sha sai mu ce a zo a ci gurasa. Ita ce mai tanderun layinmu, hannayenta duk tabon wuta har gwiwa, amma sai dai ta ce "miƙo wancan", ko "ku zo ku ci", ko ta nuna da haɓa. Ban tuna sau ɗaya da ta kira sunanta ba. Me wannan ke nufi, kai ka sani.

Sai kwanakin ƙarshe, da ba ka nan. Ba gori nake maka ba, na san jarrabawa ce ta riƙe ka. Saura kwana ɗaya ta rasu, wata sabuwar nas ta zo yi mata allura da safe. Da ta ga shuɗin idon da sauran jan da ke gefen furfurar, sai ta hau yi mata Rashanci, kaka kaza, kaka kaza. Inna ta buɗe ido ta yi wani sauti daga can maƙogwaro, kha-ay, kha-ay, kamar mai nishi. Nas ta ce zafin ciwo ne. Da rana ta yi tsaka kuma ta kama hannuna tana khts, khts, irin na mai son yin kaki ya ƙi fita. Na ɗauko kwano na tallafe mata kai, ta kau da fuska. Na ba ta ruwa ta ƙi. Ta yi ta yi har yamma, sannan ta bari. Ga kalmominka nan, in kalmomi ne. Ni dai majina na ji.

Wani abu kuma. Ina gyara akwatinta na samu katunan Sabuwar Shekara sun fi ashirin, ɗaure da zaren ulu. Duk daga mace ɗaya, Sirvard, a wani ƙauye kusa da Hoktemberyan. Kowane kati magana ɗaya ce a ciki: "Ina raye, ke fa?" A ƙarƙashinsu akwai hoton yara mata an jera su, duk an aske musu kai, ba ka gane kowa. Na rubuta wa matar, na gaya mata duk abin da na gaya maka. Ko tana raye, ban sani ba.

Ka huta lafiya. Ka daina ƙirga 'ya'yan mutane, iyayensu za su ji.

Ƙanwarka,
Knarik

Yerevan, 19 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga ƙanwata Knarik,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da na samu.

Na yi Asabar uku a ɗakin karatu na gari da sautukan nan biyu. A Rashanci babu abin da ya yi kama da su wanda mai jinya zai faɗa. Na duba ƙamus na Jamusanci da na Girkanci, babu. Na kai wa wani abokin aikina Bakurde, ya maimaita su sau uku ya girgiza kai. Na tambayi wani tsoho Ba'assuriye mai gyaran takalma a layinmu, ya ce shi ma haka mahaifinsa ya yi kafin ya cika, kuma ba magana ba ce. Ina ganin nas ɗin ta yi daidai.

Maganar hats abin lura ce, na kuma yarda ban taɓa ji a bakinta ba. Mai yiwuwa kalmar ta yi mata nauyi tun farko, kamar yadda wasu kalmominmu ke yi wa baƙi, sai ta guje ta. In haka ne, zatona ta ƙarfafa, ba naki ba. Game da Sirvard, ki ji abin da za ta ce, amma kada ki ɗora dutse a kan tunanin tsohuwa. Har yanzu shawarata a bar wurin fili.

Kin ce ban san zafin abin ba. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, zan rubuta shi a nan sau ɗaya. Ina ɗan shekara goma Inna ta kawo mini abinci makaranta, na manta shi a gida. Ɗankwalinta ya zame, yara suka ga gashin, suka tambaye ni wace ce wannan Barashiyar. Na ce maƙwabciyarmu ce. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta ajiye ƙunshin a kan taga ta tafi. Ba ta tayar da maganar ba a ranar, ba ta tayar ba har ta mutu. Abin da ya kai ni neman littafin gidan marayu ke nan bayan shekara ashirin da ɗaya. Na so in samu sunan gari in kawo mata, sai na samu layi biyu.

Ba sai kin amsa wannan ɓangaren ba. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Serob

2 ga Mayu, 1979

'Yata Knarik,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, ko da ban taɓa ganin fuskarki ba. Allah ya ji ƙan Almast, ya haskaka mata, ya ba ku haƙuri. Ki yafe jinkiri da munin rubutu, idona ɗaya ne ke aiki, shi ma sai da rana. Tun da Sabuwar Shekara ta wuce katinta bai zo ba na sani. Na je na kunna mata kyandir ban gaya wa kowa ba.

Da na zo wurin da kika rubuta khts ɗin nan, sai na ajiye takardar na fita na zauna a gindin inabi. Na daɗe ina tunanin ko in gaya miki ko in bari. Amma kin tambaya, kuma ke ba yarinya ba ce.

Ba kaki take yi ba, 'yata. Gurasa take roƙo.

Ni 'yar bakin tafkin Van ce. A wajenmu ba mu cewa hats, khats muke cewa, daga maƙogwaro. Ba mu cewa Hay, Khay muke cewa. Mutanen Mush haka, mutanen Bayazet haka. Abin da ta gaya wa nas ɗin nan shi ne, ni Khay ce, ki daina mini yaren wasu.

Rana ɗaya aka kai mu gidan marayu, a keken shanu ɗaya. An aske mu duka saboda ƙwarƙwata, sai da bazara ta zo gashi ya tsiro muka ga nata ja ne. Ni ban ga abin mamaki ba. Limamin cocin ƙauyenmu jan gemu gare shi, wana kuma idonsa ya fi na uwarki shuɗi, maƙwabtanmu kuwa baƙaƙe ne wuluk, duk coci ɗaya, tanderu ɗaya. Da zan ce wa goggon nan taki ta zo in nuna mata su, sai dai ba a bar mini ko ɗaya da zan nuna ba.

Akwai wata mai kula da mu, 'yar birni. Ba muguwa ba ce, so take mu yi magana irin ta littafi don mu zama mutane. Ta kafa doka: wanda ke son gurasa ya roƙa daidai. Ni cikina ne a gabana, a wuni ɗaya na koya. Almast ta kasa. In ta buɗe baki sai khats ta fito, yara su fashe da dariya, su bi ta a baya suna kaki suna tofar da yawu. Kwana biyu tana zuwa layi tana komawa hannu wofi. A na uku na raba tawa biyu na ba ta a bayan ɗakin wanki. Daga baya ta koyi komai, har ta fi mu iya maganar littafi, har Hay ta iya faɗa sumul. Amma kalmar nan ɗaya ta ajiye ta. Ba ta faɗa irin tasu, ba ta faɗa irin tamu, hannu kawai take miƙawa. Da na ji kin ce har tsufa haka take, ban yi mamaki ba, taurin kai gare ta tun tana ƙarama.

Yanzu maganar gari. Na sha tambayarta. Abin da ta tuna bishiya ce babba, da rafi, da uwarta mai jan kitso ta sunkuya cikin tanderu. Bishiya da rafi kuwa kowane ƙauye na da su. Zan so in ce miki 'yar Van ce, in samu 'yar gari ko a kabari. Amma tana iya zama 'yar Mush, tana iya zama 'yar Bayazet, kuma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Garinta ban sani ba. Mutanenta na sani.

Kada ki zargi kanki da yawa. Ko kin kawo mata ba za ta iya haɗiyewa ba. Ina ganin so take ta riƙe a hannu kawai.

In kun kafa dutsen ki aiko mini da hoto. Allah ya yi miki albarka, ya raya zuriya.

Uwarki,
Sirvard

Leninakan, 14 ga Mayu, 1979

Yaya Serob,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Sirvard na haɗo maka. Ka karanta ta kafin ka ci gaba da tawa, kuma ka dawo mini da ita.

Yanzu ka karanta. To bari in gaya maka abin da ba ya cikinta. A sashenmu na masaƙa akwai mata biyu 'yan garin Kamo, jikokin mutanen Bayazet. Haka suke magana. Kullum lokacin cin abinci ana tsokanarsu, a ce su miƙo khats, kuma duk sashen babu wadda ta kai ni iya kwaikwayonsu. Shekara tara ina wannan wasan ana dariya. Da baƙar tsohuwa mai haɗaɗɗiyar gira ce ta kwanta a gadon nan ta yi sautin nan, da a guje zan kawo mata gurasa. Amma uwata ce, Jar Amarya, wadda ni kaina a ƙasan zuciyata na yarda baƙuwa ce. Gashinta ya toshe mini kunne, ni da nake ɗauke da irinsa a kaina. Gurasar tana kan tebur a rufe da ƙyalle, taku uku daga gadon. Shekara sittin da uku ba ta roƙa ba, ranar da ta roƙa na miƙa mata kwanon kaki. Ina jin kunya, ina jin baƙin ciki, kuma ba na son a rarrashe ni.

Na kai wa Goggo wasiƙar na karanta mata da ƙarfi a kunnen da ke ji. Ta yi ta murza bakin mayafi. Can sai ta ce, "Shi ya sa ko ɓarɓashi ba ta bari ya faɗi ƙasa. 'Yan Van ai haka suke, maƙo kamar me." Na ce mata ba a tabbatar Van ba ce. Ta ce ita ta tabbatar. A bakin Goggo wannan karɓa ce, an ba Inna gari ko da na zagi ne. Da zan fita ta ce in je in gaya wa Usta ya sa "'yar Van" a wuce wurin.

Ban yi haka ba. Sirvard da ta raba gurasarta da ita ma ta ƙi yin ƙarya, ba ni ce zan yi ba. A nan na yarda da kai, ba a sassaƙa gari da ka. Amma akwai abin da ba da ka ba ne, don da bakinta ta faɗe shi, ina tsaye. Na ce wa Usta Garegin a layi na uku ya sa kalma ɗaya, Khay, da harafin maƙogwaro a farko, yadda ta faɗa.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke 'yar Vagharshak," in ji shi, yana kirana da sunan Baba, "shekara arba'in ina sassaƙa ban taɓa kuskuren harafi ba, yanzu ki sa ni in yi da gangan? Duk wanda ya wuce zai ce Garegin ya tsufa, hannunsa ya fara rawa." Na ce in haka ne ya rubuta a ƙasa cewa ni na sa shi. Ya ce in daina wasa da aikin mutane. Na ba shi labarin tun daga keken shanu. Ya saurara yana share ƙura daga dutsen da tafin hannu har na gama. Ƙarshenta ya ce zai yi, amma sai ɗa namiji ya yarda a rubuce, tunda ga shi malami ne, don in za a yi dariya a yi da mu duka.

To ga shi ya dawo hannunka. Na san ka da jan alƙalami, na san ko takardar cefanen Zabel ba ta tsira daga gyaranka ba. Wannan kalmar a littafinku kuskure ce, kuma za ta zauna a dutse bayan ni da kai, kusa da sunan gidanmu, kowa na karantawa. In ka yarda ka rubuto kafin talatin ga wata. In ka ƙi, wurin zai zauna fili kamar yadda ka so tun farko, kuma ba zan sake tayar da maganar ba.

Wancan ɓangaren da ka ce ba sai na amsa ba, ban amsa ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Knarik

Yerevan, 24 ga Mayu, 1979

Knarik,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Sirvard na dawo miki da ita.

Kowace Asabar ina sayen kifi a wurin wata mata 'yar Kamo a bakin kasuwa. Haka take magana. Asabar uku na tsaya a gabanta da ƙamus na Jamusanci a hammata.

Ki nuna wa Usta Garegin wannan takardar. Na yarda. Ba kuskure ba ne, ya sassaƙa shi da zurfi.

Zan zo ranar sha shida da jirgin ƙasan safe. Ki hura tanderunta, kada a kai mata gurasar shago kabari. In wani ya tsaya a gaban dutsen yana gyara harafin, ki turo shi wurina. Zan gaya masa uwata ce.

Yayanki,
Serob